Jar Rana a Bangon Makaranta

Duk wanda ya bi layin da ya taso daga tasha zuwa makarantar firamare, in dai ya ɗaga kai, zai ga rana ta fi guda. Akwai ta Allah can sama, sannan akwai ta kan allon mai aski, da ta mai gyaran waya, da ta mai sayar da katifa, har da ta gidan wankin mota. Dukkansu rawaya ne, a zagaye tsaf kamar an kifa faranti an zana, kuma duk aikin hannun mutum ɗaya ne. Shi ya sa sunansa na gaskiya ya ɓace tun tuni. Mai Rana kowa yake ce masa, har jikokinsa.

Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, ba ka raba shi da tsani a kafaɗa da ɗigon fenti a hula. Shagonsa bai fi tsayin tabarma ba. Gwangwanaye suna jere a kan katako, burusai suna jiƙe cikin kwalbar kananzir, ga wata tsohuwar kujera da ƙafarta ɗaya ta dogara da bulo. Tun yana saurayi yake rubuta alluna, kuma ba a taɓa kama shi da harafi a karkace ba. Amma fa yana da ra'ayi, ra'ayin ma mai kauri. Rawaya da shuɗi da baƙi da fari, su ne launukan mutanen kirki a wurinsa. Kuskure ne baƙo ya shigo ya ce a sa masa ja. Nan take Mai Rana zai ajiye burushi ya gyara tsayuwa.

“Ja? Ja ba ya jimirin rana, wata biyu ya koɗe. Kuma launin masu hayaniya ne. Kai katifa kake sayarwa ko gobara kake kashewa?”

Kafin ya kai aya baƙon ya gaji, ya ce a yi yadda aka ga ya dace. Sai ya tafi da allo shuɗi mai rana rawaya a kusurwa, yana godiya.

Gaskiyar maganar ita ce idon Mai Rana ba ya raba ja da kore. Duka biyun wani abu yake gani mai kama da laka, ɗaya ya ɗan fi ɗaya duhu, wani lokacin ma ba su fi juna ba. Ya gane haka tun yana yaron shago, ya haɗiye abinsa, don a ganinsa mai fentin da ba ya ganin launi abin dariya ne kawai. Wannan sirrin ya fi masa komai tsada, kuma ya tabbata mutum ɗaya ne tak a duniya ya san shi.

Matarsa ce, mai ɗinki. Suna sabon aure ya shigo mata da yadi a ƙunshe, yana washe baki, ya ce ya san tana son ja. Ta buɗe ta ga kore shar. Ta dube shi, ta dubi yadin, ta ce ya yi kyau, ta ɗinka ta sa. Bayan kwana biyu ya je shago ya tarar an ƙulla ɗan ƙyalle a mariƙin wani gwangwani, an ɗaura maɓalli da zare a mariƙin wani. Ya tsaya yana shafa su da yatsa. Da ya koma gida ta ce, ba tare da ta ɗago daga kan kekenta ba, “Na ga gwangwanin jan nan naka mariƙinsa yana yanka hannu, na sa maka ƙyalle.” Shi ke nan. Ƙyalle yana nufin ja, maɓalli yana nufin kore. Suka haifi 'ya'ya, suka aurar, gashi ya yi fari, ba wanda ya sake ɗaga maganar a cikinsu. Duk sanda ya sayo sabon fenti, sai ta sami dalilin leƙawa shago.

A cikin 'ya'yan, Auta ce ta fi ba shi wahala kuma ita ce ta fi shiga ransa. Tun tana ƙarama ta addabe shi da tambaya: me ya sa wata yake bin mu, ina rana take kwana, wa ya riƙe taurari. Da ta ga amsoshinsa sun ƙare sai ta tafi nema a makaranta, ba ta tsaya ba har ta zama mai binciken taurari a wata jami'a mai nisa. Mai Rana bai taɓa gane ainihin aikin ba. In an tambaye shi sai ya ce, “Tana aikin sama,” shi ya sa rabin layin suka ɗauka abinci take rabawa a jirgi.

Ran nan yana zaune a shagon Mai Aski, amininsa tun ƙuruciya, an gama masa rabin kai, sai ga wayar Auta. Ya sa ta a lasifika don kowa ya ji, kamar yadda ya saba.

“Baba, ina zuwa gida. Hedimastan makarantarmu ya ce in yi wa yara bayanin aikina ranar Litinin. Amma akwai abin da nake so ka yi min.”

“Faɗi, an gama.”

“Wata duniya muke nazari a kanta, ta dutse ce kamar tamu. Tana zagaya wani ƙaramin tauraro ja. Bai kai ranarmu girma ba, bai kai ta zafi ba, don haka duniyar ta matsa kusa da shi sosai, kamar mai jin ɗumi. Saboda kusancin nan, shekararta 'yan kwanaki ce kawai.”

Mai Aski ya tsayar da almakashi. “'Yan kwanaki? To ni da a can aka haife ni, ai da na haura shekara dubu.”

“Ina wuni, Kawu,” in ji Auta tana dariya. “Kuma muna zaton fuska ɗaya kawai take ba tauraron. Gefe guda kullum rana, gefe guda kullum dare.”

“A ajiye min fili a gefen dare,” in ji Mai Aski. “Ba mai tashina.”

“Akwai mutane a can?” Mai Rana ya tambaya.

“Ba mu sani ba, Baba. Ko iska ma ba mu tabbatar tana da ita ba tukuna. Abin da nake so, ka zana min ita a bangon makaranta, kamar mutum yana tsaye a kanta. Duwatsu a ƙasa, sannan rana babba, ja, ta cika rabin sama. Kai ne Mai Rana, wa zan ba in ba kai ba?”

Ya ce “To” da ƙarfi, har ya bugi ƙirji. Amma fa akwai matsala. Matarsa ta tafi wani gari wurin babbar 'yarsu da ta haihu, ba ranar dawowa. Tsohon gwangwanin mai ƙyalle kuwa ya bushe ƙamas tun bara. Kamar hakan bai isa ba, da ya je duba bangon sai Hedimasta, wanda bai daɗe da zuwa unguwar ba, ya ce a haɗa da rubuta sunan makaranta a sama da kore, launin rigar yara. Launuka biyun da ya shekara da shekaru yana gudu, ga su sun tare shi a bango ɗaya.

Ya tafi wurin Dogo mai sayar da fenti. Dogo daga manyan duro yake tsiyayowa cikin gwangwanayen madara masu mariƙin waya, ba rubutu ba alama, kuma yana da wata ɗabi'a da Mai Rana yake ɗauka surutu ne kawai: ba ya miƙa kaya sai ya kira sunansa. “Ga ja, riƙe a dama,” in ji shi. “Ga kore, riƙe a hagu.” Mai Rana ya kama hanya yana maimaitawa a zuci, ja a dama, kore a hagu, ya ƙudura ko hannu ba zai canza ba sai ya isa.

Bai yi nisa ba ya ci karo da wani tsohon maƙwabcinsu da ya yi shekaru bai gani ba. Irin wannan gaisuwar ba a yin ta da ka. Ya ajiye gwangwanayen a ƙasa a hankali, na dama a dama, na hagu a hagu, ya miƙa hannu biyu. Ana cikin ina iyali ina yara sai ga babur ya taho da gudu, suka ja gefe, suka zagaya, suka ƙarasa gaisuwar a ɗaya ɓangaren. Da suka rabu ya sunkuya ya ɗauki kayansa daga inda yake tsaye, ya juya ya ci gaba da tafiya hankali kwance. Ja a dama, kore a hagu. Bai lura ba cewa ta gaba ya ɗauke su, ba ta bayan da ya ajiye su ba.

Ranar Lahadi da sassafe ya kafa tsani a jikin bangon. Ya fara da sunan makaranta ya sallame shi, sannan ya shiga aikin da ya kawo shi. Abin mamaki, tsoron ya sake shi. Shekara nawa yana zana almakashi da katifa da wayar hannu, yau ga shi an ba shi duniya sukutum. Ya yi duwatsu baƙaƙe masu kaifi, ya shimfiɗa musu dogayen inuwoyi shuɗɗa duk sun kwanta gefe guda, tunda ranar can ba ta motsi. Ya bar ƙarshen bangon cikin duhu da 'yan taurari, gefen da Mai Aski ya kama wa kansa. Sannan ya ɗaura zare a ƙusa ya ja da'ira wadda ta fi shi tsawo, ya buɗe gwangwanin hannun dama, ya shiga cike ta. Yana shafawa yana tuna Auta tana ƙarama a kan wuyansa tana nuna sama da yatsa. Bai taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba.

Masu wucewa suka riƙa tsayawa. Su kalli bango, su kalli juna, su ce sannu da aiki, su wuce da sauri. Hedimasta ma ya leƙo. Ya ga sunan makarantarsa ja wur, ya ga wata ƙatuwar rana koriya tana haska duwatsu. Ya buɗe baki, sai ya tuna uban mai binciken taurari ne a kan tsanin nan, shi kuwa rabonsa da karatun kimiyya an daɗe. Ya rufe bakinsa ya gyaɗa kai. “Ilimi kenan,” in ji shi, ya koma ofis.

Da la'asar Mai Aski ya rufe shago ya zo. Ya tsaya hannu a baya ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi gyaran murya, ya yi magana da ƙarfi kamar da bangon yake yi.

“Ikon Allah. Ashe ranar tasu koriya ce shar, kamar ganye. Ni da na ji kamar yarinyar nan ja ta ce.”

Burushi ya tsaya cak a hannun Mai Rana.  Ya dubi ranar da ya wuni yana yi, bai ga komai ba sai lakar da ya saba gani. Gobe yaran makaranta gaba ɗaya za su zauna a gaban bangon nan, 'yarsa ta tashi ta ce tauraro ja, wani mai bakin tsiya ya ɗaga hannu ya nuna. Kuma kafin goben, ita kanta za ta gani. Ya fara lissafin ko ya watsa wa bangon farin fenti, ko ya ce zazzaɓi ya kama shi, ko ya ɗora laifin a kan Dogo.

Bai kai ga zaɓa ba ya ji an ce, “Baba!”

Daga tasha ta yo nan kai tsaye, jaka a kafaɗa. Ta gaida Mai Aski, ta ɗaga kai, ta sa hannu ta toshe baki. Kafaɗunta suka fara rawa don dariya.

Mai Rana ya sauko da ƙyar ya gyara tsayuwa irin wadda yake wa baƙi. “Ai ja ba ya jimirin rana,” ya fara. “Wata biyu ya…” 

Auta ta matso kusa da shi. Ta buɗe jakarta ta fiddo ɗan ƙyalle da maɓalli da zare, ta ɗora a tafin hannunta ta miƙa masa.

“Mama ta kira ni jiya, hankalinta a tashe. Ta ce ta taho ba ta leƙa shago ba. Na so in riga ka zuwa bangon nan, motar ce ta lalace a hanya.”

Ya daɗe yana kallon abin da ke hannunta. “Tun yaushe?” ya tambaya can ƙasa.

“Tun ina aji biyu. Ka tuna jar jakar makarantar da ka sayo min a kasuwa? Mama ta ja ni ɗaki ta ce in Babanku ya ce ja ce, to ja ce. Na shekara ina rataye da koriyar jaka ina ce mata ja. Har dambe na yi da wata yarinya a kan haka, a nan wajen, gindin bangon nan.”

“Wa ya yi nasara?” in ji Mai Aski.

“Ni mana, Kawu.”

Mai Rana ya juya ya harari amininsa. “Kai kuma me kake yi a nan? Maganar gida ake.”

Mai Aski ya sosa ƙeya. “Malam, ka taɓa jin na ce ka sa min ja a allona? Ni da nake son ja kamar raina? Kuma kana zaton Dogo kowa yake gaya wa ga dama ga hagu? Duk layin nan ba wanda bai sani ba, sai Hedimasta, shi ma don baƙo ne.”

Mai Rana ya zauna a matakin tsani na ƙasa. Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi, ga haushi a kai. Ya tuna duk huɗubobin da ya yi a kan ja a gaban mutanen nan, suna gyaɗa kai suna cewa gaskiya ne. Ashe shi yake gadin ƙofa, su kuwa tuni suna ciki a zaune. Amma da ya ƙara juya abin sai haushin ya rasa wurin tsayawa. Layi guda cur, da 'yan tsegumi da masu bakin da ba ya riƙe magana, sun shekara da shekaru suna karɓar rana rawaya, ba wanda ya taɓa yi masa dariya a fuska. Idonsa ya ciko, ya ce kananzir ne.

Auta ta tsuguna kusa da shi. “Baba, in gaya maka wani abu? Ni ma ban taɓa ganin tauraron nan ba.”

Ya ɗago. “Ban gane ba. Ba shi ne aikinki ba?”

“Shi ne. Amma ya yi dishi-dishi da yawa, ido ba ya kama shi daga nan, yawancin haskensa ma irin wanda idon ɗan Adam ba ya gani ne. Duniyar kuwa ba wanda ya taɓa ganinta. Layi nake kallo a kwamfuta. In ta gifta ta gaban tauraron, hasken ya ɗan ragu, layin ya ɗan lotsa. Daga wannan 'yar lotsawar muke gane girmanta da tsawon shekararta. Na gaji da kallon layi. Shi ya sa na ce ka zana min, ina so in tsaya a kanta ko sau ɗaya.” Ta ɗaga kai ta dubi duwatsun da inuwoyinsu. “Kuma na tsaya. Ranar ce kawai ta ɗan yi ganye.”

Mai Aski ya fashe da dariya. Mai Rana ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, bai iya ba.

Akwai sauran haske a gari. Auta ta jawo gwangwanin da aka rubuta sunan makaranta da shi, ta ƙulla ƙyallen a mariƙinsa a gaban idonsa, ba ɓoye-ɓoye, ta ɗaura maɓallin a ɗayan. Mai Aski ya tambaya yaya za a yi da sunan makarantar. Suka yanke shawara a bar wa Hedimasta iliminsa zuwa wani satin.

Mai Rana ya hau tsani da gwangwani mai ƙyalle. Koren bai gama bushewa ba, yana jin burushin yana ɗan kamawa, ya san launukan biyu suna cakuɗuwa a ƙarƙashin hannunsa. Ya shafe da'irar tun daga sama har ƙasa. Sannan ya ja baya a kan matakin ya duba. Laka ce dai, kamar kullum. Ba ƙyalle, ba maɓalli, ba wata dabara da za ta gaya masa abin da ya fito. A ƙasa mutane sun fara taruwa, har da Dogo da mai katifa.

Ya yi gyaran murya. Tambayar da bai taɓa yi wa kowa ba tun yana yaron shago, ya yi ta da ƙarfi, kowa yana ji.

“Auta, wane launi ne wannan?”

Ta matsa baya ta karkata kai. “Kamar garwashin da ya fara kwanciya, Baba. Ya kusa. Ƙara ja kaɗan ta hagunka.”

Ya shafa ƙullin da babban yatsa, ya tsoma burushi.